ABIN DA KE CIKIN JAKAR ƊAN AJI HUƊU

Jawabin da aka gabatar a taron iyayen yara, unguwar Sabo, Ibadan





An ce in yi magana a kan karatun 'ya'yanmu na firamare. Maganar tana da faɗi, in aka ce za a bi ta duka sai magariba ta riske mu a nan. Saboda haka na ga ya fi kyau in ɗauki aji ɗaya da zangon karatu ɗaya, mu zazzage jakar yaron a gabanku, mu ga abin da yake ɗaukowa. Ajin da na zaɓa shi ne aji 4, zangon kuwa na farko, watau wanda ake buɗewa a watan Satumba a rufe kafin Kirsimeti. Na zaɓi aji 4 domin a nan ne karatu ke fara nauyi. A aji 1 zuwa 3 yaro yana koyon yadda ake karatu ne. Daga aji 4 kuwa an ɗauka ya iya, sai a riƙa ɗora masa kaya. Wanda bai iya ba, daga nan yake fara ja da baya, ba kuwa wanda zai ji ƙararsa.

Mu fara da lissafin kwanaki, tunda mu 'yan kasuwa ne. Zango ɗaya mako 13 ne ko kusa da haka, kowane mako kwana 5, kwana 65 ke nan. Amma kada wannan ya ruɗe ku. Makon farko yana tafiya wajen shara da rajista da bitar abin da aka yi bara. Akwai hutun 1 ga Oktoba, akwai hutun tsakiyar zango. Mako biyun ƙarshe na bita ne da jarrabawa. In ka ɗebe waɗannan, abin da zai rage na ainihin koyarwa bai wuce mako 10 ba. To, Alhaji, ranar da ka ce yaro ya raka uwarsa biki Kano ko Sakkwato, mako biyu kacal za su yi su dawo, ka sani humusin karatun zangon ka ɗauke masa. Da a ƙwaryar goro ce aka ce an ɗebe maka 20 cikin 100, ai da Sabo duka ta ji muryarka.

Lissafi nake so mu daɗe a kansa, domin shi ne darasin da iyaye suka fi cewa ba su san kansa ba, alhali kuwa shi suka fi kowa sani.

A makonnin farko ana koya wa yaro matsayin lamba, watau ya gane cewa 5 da ke cikin 2,500 ɗari biyar ce, 5 da ke cikin 250 kuwa hamsin ce. Wane mai goro ne bai san ƙwarya 25 goro 2,500 ba ne? Wane ɗan canji ne a bakin titin nan zai manta sifiri ɗaya ya kwana lafiya? Daga nan sai lambobin Romawa, waɗanda muke gani a fuskar wasu agogunan bango. Yara kan rikice a kan IX, ta yaya za a sa ɗaya a gaban goma a ce tara ne? To, ai mu ma haka muke yi. In dattijo ya ce maka ashirin ba ɗaya, 19 yake nufi, in ya ce ashirin biyu babu, 18. Maƙwabtanmu Yarabawa kuwa su ne sarakunan wannan ƙidaya. Wurinsu 16 ita ce ashirin ba huɗu. Hamsin kuwa sittin ce ba goma, saboda haka in Bayarabiya za ta ce 45, abin da bakinta ke faɗi shi ne ashirin uku, a cire goma, a cire biyar. Yaronka yana gamuwa da wannan a darasin Yarbanci a zangon nan da yake gamuwa da IX a darasin lissafi, kuma da wuya wani ya gaya masa abu ɗaya ne. Kai za ka iya gaya masa, a kan tabarma, bayan sallar isha'i.

Sai kuma abin da ya fi ba yara wahala, watau kason abu: rabi, sulusi, rubu'i da sauransu. Tare da shi ana koya musu neman ƙaramar lamba wadda lambobi biyu za su iya raba ta ba saura. Malamanmu na fiƙihu, Allah ya gafarta muku, ku kun riga kowa sanin wannan. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya. Mata tana da sumuni, ɗaya cikin 8, uwa tana da sudusi, ɗaya cikin 6. Ta yaya za a haɗa 8 da 6? Sai malam ya ce asalin mas'alar daga 24 take, mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, saura 17 na 'ya'ya. Wannan 24 ɗin ita ce daidai abin da malamar aji 4 take nema a kan allo da alli. Ɗan shekara tara ake koya wa ƙofar rabon gado, mu kuma muna cewa boko ne, ba ruwanmu.

Akwai kuma lamba mai ɗigo, irin su 2.50. Dattawan da ke nan sun tuna kafin 1 ga Janairun 1973, lokacin da kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. Wanda ya yi ciniki da wannan lissafi a ka, babu takarda babu na'ura, ba zai ce naira da kwabo ɗari sun fi ƙarfinsa ba. Abin lura dai shi ne, lissafi kamar ginin bulo yake. Wanda ya rasa makon da aka yi kason abu, ba zai gane makon lamba mai ɗigo ba. Wanda bai gane wannan ba, in an zo kashi cikin ɗari a aji 5, kallo kawai zai yi. Mako biyun bikin nan ba a zangon kaɗai suke tsayawa ba.

Yanzu sai harshe, kuma a nan ne ɗan Sabo ya bambanta da sauran yaran Badun.

Yaronmu yana tashi da Hausa a gida. Ya fita Mokola, Yarbanci. Ya shiga aji, Turanci. Da yamma ya tafi Islamiyya ko makarantar allo, Larabci. Harshe huɗu a wuni ɗaya, ga rubutu iri biyu, ɗaya daga hagu ɗaya daga dama. Ni ban ɗauki wannan abin kuka ba, arziki ne, amma arzikin da ke da nauyin ɗauka.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a shekarun farko na firamare a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin da yake zaune, daga baya a koma Turanci. A Kano wannan yana nufin Hausa. A nan kuwa Yarbanci yake nufi. Kusa da mu ɗin nan, a Jami'ar Ife, marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji tun daga 1970, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarbanci har shekara 6, Turanci kuma aka bar shi a matsayin darasi guda. Yaran nan ba su gaza takwarorinsu ba, a darussa da yawa ma sun fi su. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi shekara shidan firamare da harshen uwa, a watan Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an janye wannan, an koma Turanci. To, ko an yi gaba ko an yi baya, ku lura da abu ɗaya: ɗan Sabo da ke makarantar gwamnati a garin nan, ba da harshen uwarsa ake yi masa bayani ba. In malama ta ga aji bai gane ba, takan juya ta fassara da Yarbanci, kuma ba laifinta ba ne, harshen yawancin ajin ke nan. Darasin gwajin Ife gare mu shi ne, yaro yana bukatar wanda zai sake faɗa masa abin da harshen da yake mafarki da shi. In ba a samu wannan a aji ba, gida ne kaɗai ya rage.

A Turancin zangon farko ana yin karatu da amsa tambayoyi, da shifta, da sauya aikatau daga yanzu zuwa jiya, da rubuta wasiƙa zuwa ga ɗan'uwa. Yaranmu suna da wurin da suke tuntuɓe, kowa ya sani, "p" da "f" ne, har abokansu na yi musu dariya. Amma suna da wurin da suka fi. Bahaushe tun yana goye ya san "ya zo" da "ta zo", saboda haka "he" da "she" ba sa ba shi wahala. Yarbanci kuwa kalma ɗaya yake da ita ga namiji da mace, shi ya sa ɗan Bayarabe yakan daɗe yana musanya su. Ku gaya wa yaranku wannan, su san kowa da inda takalmi ke matsa masa. Wasiƙar kuwa, kada ta tsaya a littafi. Ka sa shi ya rubuta wa kawunsa na Zariya ta gaske, ko da a waya za a ɗauki hotonta a aika.

Darasin Yarbanci fa? Na san akwai iyayen da ke cewa me ɗana zai yi da shi. Ina roƙonku ku sake tunani. Yarbancin titi daban, na takarda daban. A aji ne yaro zai koyi baƙaƙensu 25, da alamomin murya uku da suke ɗorawa a kan wasula, waɗanda in ka kuskure ɗaya sai kalma ta koma wata. A nan zai koyi gaisuwarsu, wadda ba ta ƙarewa, da yadda ake yi wa babba magana. An kafa unguwar nan a 1916, mun haura shekara 100 muna zaune da mutanen nan, muna saye muna sayarwa. Abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 bai bar kowa cikin shakka ba cewa zaman tare sai da masu iya shiga tsakani, su yi magana da kowane ɓangare da harshensa. Waɗannan masu shiga tsakani, yau suna aji 4.

Kimiyya a wannan zango tana farawa da sauye-sauyen abubuwa: wanda ke komawa yadda yake da wanda ba ya komawa. Ƙanƙara ta narke, a mayar da ita firji ta sake daskarewa. Itace ya zama toka a murhun mai tsire, ba ya sake zama itace. Madara ta zama kindirmo, shi ke nan ta tafi. Uwa tana da wannan darasi gaba ɗaya a madafarta.

Ana kuma koya musu yanayi, kuma zangon farko ya dace da shi ƙwarai, domin ana buɗe makaranta cikin ruwa, a rufe ta hunturu ya fara leƙowa. Yaron da ke zuwa Arewa hutu ya ga abin da 'yan ajinsu ba su gani ba: a can damina gajera ce, wata huɗu ko biyar, a nan kuwa ruwa yana farawa tun wajen Maris, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo har Oktoba. Wannan bambanci shi ne asalin Sabo. Goro yana son kurmi, shanu kuma sun fi lafiya a inda ƙudan tsando bai yi yawa ba. Sai goro ya hau, shanu su gangaro, jirgin ƙasa da ya iso Badun a 1901 ya ƙara sauƙaƙa tafiyar, kakanninmu suka zauna a tsakiya suna haɗa mai saye da mai sayarwa. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar nan yana nazari, ya fitar da littafi sukutum a 1969 a kan wannan ciniki da amanar da ke riƙe da shi. Ana karanta labarinmu a jami'o'in Ingila da Amurka, ɗanmu kuwa bai san darasin ruwan sama da ya kwafa jiya labarin gidansu ba ne.

In an zo kan rayuwar ƙwari, sauro ake kawowa misali: ƙwai, tsutsa, sai wani mataki na kwanciya, sannan ya fito da fiffike, duka a cikin ruwan da ke kwance, cikin kwana goma ko ƙasa da haka. In yaro ya dawo ya ce Baba a zubar da ruwan da ke cikin tsohuwar tayar nan, kada a ce masa ya cika iyayi. Darasinsa yake yi, kuma kwatocin unguwar nan ba sai na ba ku labarinsu ba. Haka in ya yi maganar zuba shara a rafi. Manyanmu sun ga abin da Ogunpa ta yi a watan Agustan 1980, mu kuma mun ga na Agustan 2011.

Akwai haƙora: na yaro 20, na babba 32, kowane iri da aikinsa. Dillalin shanu da ke buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa, ya san saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, ya san lokacin da take famfara, shi ne ya fi cancanta ya ja wannan darasi. Batun abin da goro ke yi wa namu haƙoran kuwa, bari in yi shiru, ina ganin masu shi a sahun gaba.

A nazarin zaman jama'a da tarihi, yaro zai ji iyali da aure da al'adu, da yadda ake mulkin gari. Zai haddace jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, da cewa 33 daga ciki na Jihar Oyo ne, mu kuma muna cikin Ibadan ta Arewa. Zai ji cewa sarautar Olubadan ba gadon gida ɗaya ba ce kamar yadda muka saba a ƙasar Hausa, layi biyu ne ake hawa mataki-mataki, shi ya sa ba a cika samun Olubadan yaro ba. An taɓa cire tarihi daga manhaja wajen 2009, sai da aka yi shekaru ana ƙorafi kafin a dawo da shi. Amma littafin da ke hannun yaro ba zai gaya masa daga wane gari kakansa ya taso ba, ko a gidan wane maigida ya fara sauka. Wannan babin a bakin tsofaffinmu yake, suna kuma tafiya ɗaya bayan ɗaya. Taken ƙasa ma, kada ku yi mamaki in kun ji yaro yana rera wanda ba shi kuka koya ba. Na 1960 ne, wanda aka ajiye a 1978, aka dawo da shi a watan Mayun 2024. Jika da kaka sun haɗu a waƙa ɗaya, uba ne aka bari a tsakiya.

Sauran darussa zan wuce su da sauri. Akwai addini, kowane yaro da nasa, kuma haƙƙinka ne ka je ka tabbata ajin da ɗanka yake zama a wannan lokaci. Akwai noma da kula da gida, da zane da waƙa, da motsa jiki, da sanin kwamfuta, wanda a makarantu da yawa a allo kawai ake zana ta. Sunayen darussan suna sauyawa: an yi sabuwar manhaja a 2008, aka rage yawansu a 2014, aka sake fitar da wani tsari a 2025. Kada sauyin suna ya dame ku. Rubu'i yana nan rubu'insa.

Iyayenmu mata, ku gafarce ni, akwai maganar da ba ta da daɗi amma dole a yi ta. Yawancin makarantu suna sa lissafi da Turanci da safe, lokacin da kan yaro yake sanyi. Yarinyar da ta fita tallan koko da ƙosai, ta iso makaranta ƙarfe 9 ta wuce, ba zane ta rasa ba, ba motsa jiki ta rasa ba. Lissafi ta rasa, kuma kullum shi take rasawa. A rajista za a rubuta ta zo. A ƙarshen zango a ce ba ta da ƙoƙari, bayan shekara biyu a ce tunda ba ta ganewa gara ta zauna a gida. Na san kuɗin tallan nan ba na wasa ba ne, da shi ake tara kayan ɗaki, wani gidan ma da shi ake cefane. Ban ce a daina ba. Na ce a mayar da shi bayan an tashi, ko Asabar da Lahadi. Ku kuma iyaye maza, in kuna cika kuɗin cefane, da yawa daga cikin farantan nan ba za su fita da safe ba.

A garin nan aka fara ilmin firamare kyauta, a watan Janairun 1955, zamanin gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta Jihar Yamma. Ƙasa baki ɗaya kuwa sai a 1976 ta samu irinsa. Watau ƙofar ta buɗe a bakin unguwarmu shekara 21 kafin ta buɗe haka a garuruwanmu na asali. Kowa ya duba gidansu ya ƙirga mutum nawa suka shiga ta wannan ƙofa suka kai ƙarshe. Dokar 2004 ta mayar da karatun shekara 9 na farko kyauta kuma dole, saboda haka yau ba alfarma muke nema ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ranar Alhamis da yamma, tunda makarantar allo tana hutu, ka kira yaro ya kawo jakarsa. Ko ba ka iya boko ba, ka iya lamba: duba kwanan watan da ke saman shafi, ka ga ko na makon nan ne. Duba ko akwai jan biro, alamar malama ta gani. In ka ga an tsallake daga 6 ga wata zuwa 20 ga wata, tambaye shi ina yake a tsakani. Sannan ka ce ya gaya maka da Hausa abu ɗaya da aka koya musu. In ya iya faɗa da Hausa, ya gane. In ya maimaita maka Turancin kamar aku, haddacewa ya yi, sai a nemi yayansa ko ɗan maƙwabta da ke sakandare ya zauna da shi.

In an kawo katin sakamako a Disamba, kada tambayarka ta tsaya a "na nawa ka zo?" Na 5 a ajin da ba a koyar da kome ba, bai kai na 20 a ajin kirki ba. Duba makin gwaje-gwajen da aka yi a tsakiyar zango, domin ana haɗa su da na jarrabawa, yaron da ya yi tafiya kuwa a nan yake faɗuwa tun kafin a shiga ɗakin jarrabawar. Duba wurin da aka rubuta sau nawa aka buɗe makaranta da sau nawa ya zo. Kuma ranar taron iyaye da malamai, a daure a rufe shago na awa ɗaya a je. Malamar da ta san fuskar uban yaro, ba ta mantawa da yaron a bayan aji.

Ga shugabannin ƙungiya kuma, shawarata ita ce a duba cikin samarinmu da 'yan matanmu da suka gama sakandare ko kwalejin horon malamai, a samu ko mutum huɗu da za su riƙa zama da 'yan aji 4 zuwa 6 ranar Asabar da safe, su maimaita musu lissafi da kimiyyar makon da Hausa. Zaure ɗaya da allo da kwalin alli sun isa a fara, kuɗin motar masu koyarwar kuma ba zai gagari mutanen da ke cikin rumfar nan ba. In an amince, a fara a mako na uku na zango mai zuwa, kafin a kai ga gwajin farko.

 Masu tambaya, ga ni nan.